Yadda Ake Zaɓar Garin Furotin da Sauran Kayan Gina Tsoka, Mataki-Mataki

Tambayoyin da masu fara ɗaga ƙarfe suka fi yi kusan iri ɗaya ne: wane gari zan saya, nawa zan riƙa sha, kuma ta yaya zan gane na jabu? Wasu ma sai sun sayo robar suke tambaya. Wannan jagorar ta bi abin daki-daki, tun daga lissafin da ake yi kafin a je shago har ranar da za a duba ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A bi matakan yadda aka jera su, domin yawancin asarar kuɗi a wannan harka daga tsallake na ɗaya da na biyu take zuwa. Garin furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, abinci ne da aka busar. Aikinsa cike giɓin da tukunyar gida ta bari, kuma wanda bai san girman giɓinsa ba bai san abin da zai saya ba.

Kayan da za ka tanada: sikelin awon mutum, ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, tef ɗin tela, littafin rubutu, da kalkuletar da ke wayarka.

Mataki na 1: Lissafa buƙatar jikinka

Hau sikeli da safe, bayan ka zaga, kafin ka ci komai. Nauyin da ka samu a kilo, ka ninka shi da 1.6. Abin da ya fita shi ne giram na furotin da kake buƙata a yini.

Mai kilo 60: giram 96.
Mai kilo 70: giram 112.
Mai kilo 85: giram 136.

Wannan adadi ya fito ne daga wani nazari na 2018 da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 49 a kan masu ɗaga ƙarfe, inda aka ga ƙaruwar tsoka tana tsayawa a wajajen giram 1.6 ga kowane kilo. Mai son ya bar wa kansa rata, ko wanda ke rage kitse yana tsoron zubewar tsoka, yana iya kaiwa 2.2, wato giram 154 ga mai kilo 70. Abin da ya haura haka ba ya ƙara ƙwanji, kuɗi kawai yake ci. Lissafin mata da na maza ɗaya ne. Mai ƙiba sosai kuwa ya yi lissafi da nauyin da yake son komawa, ba wanda yake kai yanzu ba.

Ka raba adadin gida uku ko huɗu a yini, kowane ci giram 25 zuwa 40.

Hattara: giram na nama daban, giram na furotin daban. Tsokar nama mai giram 100 ba ta ba da furotin giram 100, abin da ke cikinta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu.

Gargaɗi: mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ko ciwon suga da ya daɗe, mai ciwon hanta, mai juna biyu da mai shayarwa, kada su ƙara furotin ko su fara wani gari sai likita ya duba su, ya yi gwajin ƙoda. Yaron da bai kai shekara 18 ba, abinci ya ishe shi.

Mataki na 2: Ƙirga abin da kake ci tun yanzu

Kwana uku a jere ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka, ka auna wanda za ka iya aunawa. Ga kimanin furotin da ke cikin abincin da muka saba:

Ƙwai ɗaya: giram 6.
Dafaffiyar tsokar kaza, giram 100: kusan 30.
Dafaffen naman sa marar kitse, giram 100: kusan 26.
Kifi dafaffe ko sardin na gwangwani, giram 100: 20 zuwa 25.
Ɗanyen wake kafin a dafa, giram 100: kusan 23.
Waken suya busasshe, giram 100: kusan 36.
Ɓararriyar gyaɗa, giram 100: kusan 25.
Nono ko madarar ruwa, kofi ɗaya mai mililita 250: kusan 8.
Madarar gari mai cikakken maiƙo, giram 100: kusan 25.
Ɗanyar shinkafa, giram 100: kusan 7.

Kilishi, busasshen kifi, fara da ƙuli-ƙuli sun fi waɗannan tattara furotin a ɗan ƙaramin nauyi, saboda an cire musu ruwa ko mai. Awara ma tana da kyau, sai dai ƙarfinta ya danganta da yadda aka matse ta.

Ɗauki saurayi mai kilo 70 da ya karya da koko da ƙosai biyar, ya ci shinkafa da wake da rana, da dare kuma tuwon masara da miyar kuka da 'yar tsoka biyu. Idan aka haɗa, abin da ya samu bai wuce wajajen giram 60 ba. Yana buƙatar 112, saura 52 ke nan. Wannan shi ne giɓinsa.

Idan giɓinka bai kai giram 20 ba, kada ka sayi komai. Ƙwai uku wurin mai shayi sun rufe shi. Idan yana tsakanin 20 da 60, ludayi ɗaya ko biyu na gari a yini zai yi maka amfani, musamman in kai ɗalibi ne ko ma'aikacin da ke wuni a waje. Idan ya haura 60, abincinka ne da kansa ke buƙatar gyara. Fara da ƙara wake, ƙwai da kifi, sannan ka dawo maganar gari.

Hattara da madarar gari ta ƙananan ledoji. Da yawansu an cire musu man nono an sa man tsirrai, wasu kuma ba madara ba ce ma, farin garin shayi ne da kusan babu furotin a cikinsa. Juya bayan leda ka duba adadin furotin a giram 100. Gyaɗa da ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna ko suke ɗaci a zubar da su, gubar da ke cikinsu tana lalata hanta.

Mataki na 3: Zaɓi irin garin

Mafi yawan abin da ke kasuwa daga nono aka yi shi. Idan an haɗa cuku, akwai ruwan da ke tsamewa gefe. Shi ake tacewa a busar, a sayar da sunan Whey. Kala uku za ka gani a jikin roba.

Whey Concentrate: furotin ɗinsa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da ɗan maiƙo da ɗan sukarin nono. Shi ya fi arha, kuma shi ya kamata mai farawa ya saya muddin nono ba ya ɓata masa ciki.

Whey Isolate: an ƙara tace shi, furotin ya kai kashi 90, sukarin nono kuma kusan babu. Ya fi tsada. Dalilin sayensa guda ne: cikinka ba ya jituwa da madara. Wannan matsala ta yi yawa a cikinmu. Manya da yawa a Afirka ta Yamma ba sa narkar da sukarin nono yadda ya kamata, ko da yake Fulani sun fi saura jure masa. Gwada kanka kafin ka kashe kuɗi: sha babban kofi na madara da safe ba tare da komai ba. Idan cikin awa biyu ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi ko ka yi gudawa, to na biyun nan za ka nema, ko na tsirrai.

Whey Hydrolysate: an riga an farfasa shi don ya yi saurin narkewa. Ga ɗaci ga tsada, kuma mai neman tsoka ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba.

Akwai Casein, shi ma daga nono, mai kauri, mai jinkirin narkewa. Ya dace da kwanciya barci ko sahur, amma kindirmo yana yin kusan aikinsa. Akwai na tsirrai: na waken suya shi kaɗai ya wadatar, na fis (koren waken Turawa) kuwa an fi son wanda aka gauraya da na shinkafa don su cike wa juna. Maganar da ake yaɗawa cewa waken suya na rage wa namiji mazakuta, binciken da aka tattara a kan maza bai nuna ya rage sinadarin testosteron ba.

Collagen ba na gina tsoka ba ne, ya rasa ɗaya daga cikin amino asid (tubalan da ke haɗuwa su zama furotin) da jiki ba ya iya haɗawa da kansa. Kada a saya da wannan niyya.

Sai Mass Gainer, wanda sirara suka fi ruɗuwa da shi saboda girman buhunsa. Awo ɗaya (abin da aka ƙayyade a sha a lokaci guda) na wasunsu ya haura giram 300, yana ba da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) sama da 1,200 da furotin kusan 50, ragowar kuma kusan duka sitacin masara ne mai komawa suga nan take. Kuɗin furotin kake biya kana sayen garin masara. Ga madadinsa a gida: madara rabin lita, ayaba ɗaya, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokalin cin abinci biyu, da oat giram 50, a markaɗe. Zai ba ka kalori kusan 780 da furotin kusan 30. Fura da nono mai kauri da 'yar gyaɗa ma ba ta da nisa da haka.

Mataki na 4: Karanta bayan roba

Gaban roba talla ne, hoton ƙato da manyan lambobi. Bayanta za ka juya, ka yi waɗannan lissafin a tsaye a shagon.

Na farko, raba giram na furotin da nauyin awo ɗaya, ka ninka da 100. Idan awon giram 30 ne furotin kuma 24, ka samu kashi 80, kaya ne mai kyau. Idan awon giram 40 ne furotin 20, rabin abin da ke robar ciko ne. Duk abin da ya gaza kashi 70, ka ajiye musu. Kamfanoni kan ƙara girman ludayi don su rubuta babbar lamba a gaba, shi ya sa lambar kaɗai ba ta gaya maka komai.

Na biyu, haɗa furotin, sitaci da mai. Jimlarsu ba za ta taɓa wuce nauyin awon ba. Sannan ka ninka furotin da 4, sitaci da 4, mai da 9, ka haɗa. Giram 24, 3 da 1.5 za su ba ka kalori kusan 121, kuma abin da aka rubuta ya kamata ya zo kusa da haka. Masu buga takardar jabu sukan yi tuntuɓe a nan.

Na uku, jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka furotin ɗin ne ya kamata ya zo farko. In ka ga Maltodextrin (sitacin da aka sarrafa), suga ko Creamer (farin garin shayi) a sahun gaba, ka wuce.

Na huɗu shi ne algus ɗin da ya fi wuyar kamawa. Gwajin da aka saba yi a ɗakin bincike naitirojin yake aunawa, daga nan a ƙiyasta furotin. Sai wasu su zuba amino asid masu arha, irin su Glycine da Taurine, ko ma kiriyatin (bayaninsa na Mataki na 8), gwaji ya nuna 25 alhali ainihin furotin bai kai haka ba. Idan ka ga waɗannan sunaye a jerin kayan haɗin garin furotin, ka yi shakka. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan buga adadin kowane amino asid. Nemi wanda ake kira Leucine: a awon Whey mai furotin giram 24 ko 25, ya kamata ya kai wajajen giram 2.5.

Gargaɗi: kalmomin Proprietary Blend ko Matrix suna nufin an haɗa abubuwa da yawa an ba da jimlarsu kawai, ba a faɗi nawa ne kowanne ba. Abin da ba a gaya maka yawansa ba, kada ka zuba wa cikinka.

Mataki na 5: Duba halaccinsa

Wannan matakin ba a cika yin maganarsa a shago ba, alhali ya shafe mu kai tsaye. Wajen haɗa cuku ana amfani da wani sinadarin daskarar da nono. Wani daga cikin ɗan maraƙi ake ciro shi, wani daga alade, wani kuma daga ƙwayoyin halitta ake samar da shi ba tare da dabba ba. Whey ya biyo ta wannan hanya, kuma takardar roba ba ta cika faɗin wanne aka yi amfani da shi ba. Mafita ita ce tambarin wata sananniyar hukumar halal, kamar IFANCA ta Amurka ko JAKIM ta Malesiya. Idan babu, alamar cewa kayan ya dace da marasa cin nama tana nuna ba a sa abin da aka ciro daga yankakkiyar dabba ba. Garin tsirrai ba shi da wannan matsalar.

Kwanson kafso kuma galibi da gelatin ake yinsa, wanda kan fito daga fatar alade ko ƙashin shanu. Duk abin da ake samu a gari da kuma kafso, ɗauki garin. Ya ma fi arha.

Mataki na 6: Tabbatar ba jabu ba ne

Yawancin waɗannan kaya daga Amurka da Turai suke zuwa, kuma a Amurka dokar 1994 ba ta wajabta wa hukumar abinci da magunguna ta gwada su kafin su shiga kasuwa ba. Saboda haka rubutun "an yi a Amurka" ba shaidar inganci ba ne. Shaidar da ake dogaro da ita ita ce ta masu gwaji masu zaman kansu: Informed Sport, Informed Choice, da NSF Certified for Sport. Suna da shafukan intanet da za ka rubuta sunan kayan ka gani ko yana cikin jerinsu, a wasu har da lambar rukunin da aka buga a robar. Tambari ana iya kwafarsa, don haka sai ka duba a shafin. Amfanin wannan gwaji bai tsaya ga furotin ba. A 2025 mujallar Consumer Reports ta gwada kaya 23, ta samu fiye da kashi biyu cikin uku suna da darma sama da ma'aunin da ta ɗauka a matsayin abin damuwa, kuma na tsirrai sun fi yawanta.

A Nijeriya ka nemi lambar rajistar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da kayan. A Ghana, rajistar hukumar FDA ta ƙasar.

Sai duba na ido. Murfi yana da roba mai zagaye shi da ba a yage ba? Ƙarƙashin murfin akwai takardar da aka liƙe bakin robar ruf, babu alamar gam? Lambar rukuni da ranar lalacewa an buga su a jikin robar ko gindinta, ko kuwa wata 'yar takarda aka manna a kai? Akwai kuskuren rubutu ko hoto mai dishi-dishi? Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, shi ma alama ce.

Bayan ka buɗe, gari na gaske yana narkewa a ruwan sanyi idan an girgiza, ya ɗan yi kumfa, ba ya barin tsaki a gindi. Zuba cokali ɗaya a tafasasshen ruwa: Whey zai dunƙule ya yi gudaji, fulawa ko sitaci kuwa za su yi kauri su kama jiki. Ɗigon aidin a kan ɗan dama shi ma yana tona asiri, domin sitaci yana komawa baƙi-baƙi mai shuɗi. Waɗannan gwaje-gwajen gida algus na fili kawai suke kamawa, ba su maye gurbin tambarin masu gwaji ba.

Gargaɗi: kada ka sayi garin da aka ɗebo daga buhu aka ƙulla a leda, ko da a gidan motsa jikinku ake sayarwa, ko da abokinka ne mai sayarwa. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san ranar lalacewarsa ba. In kuɗi ne bai kai ba, ku haɗa ku biyu ku sayi rufaffiyar roba ku raba a gabanku.

Mataki na 7: Yi lissafin kuɗi

Farashi yana tafiya da canjin dala, don haka lambar yau ba ta gobe ba ce. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar lissafi. Ninka yawan awo da furotin na kowane awo, ka raba kuɗin robar da abin da ya fita. Wannan shi ne kuɗin giram ɗaya na furotin, kuma da shi kaɗai ake gwada roba biyu, ba da nauyinsu ba.

Babbar robar da aka fi sani tana da kilo 2.27, awo kusan 74, kowanne giram 24. Furotin giram 1,776 ke nan. Kiret ɗin ƙwai mai guda 30 yana da giram 180. Ashe roba ɗaya daidai take da kiret goma. Tambayi kuɗin kiret a unguwarku ka ninka da goma. Idan robar ta fi haka tsada, ƙwai ya fi maka arha. Wake da waken suya kuwa sun fi su duka sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da gari ya fi su da shi shi ne rashin girki, sauƙin ɗauka, da ƙarancin kalori: ƙwai huɗu kalori kusan 300 ne, ludayi ɗaya mai furotin iri ɗaya kuwa 120.

Karon farko sayi ƙaramar roba ta wajajen giram 900. In ɗanɗanon bai yi maka ba ko cikinka ya ƙi, asarar da sauƙi. Mai ludayi ɗaya a yini, ƙaramar za ta kai shi wata guda, babbar kuma wata biyu da rabi.

Mataki na 8: Kiriyatin, da abubuwan da za ka bari a kanta

Bayan furotin, abu ɗaya ne ya cancanci kuɗinka: kiriyatin. Yana taimaka wa tsoka ta ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a kowane zagaye (jerin ɗagawar da ake yi kafin a huta), kuma wannan ƙarin ne ke taruwa ya zama tsoka cikin watanni. Nemi wanda aka rubuta Creatine Monohydrate, babu ɗanɗano, babu haɗi. Sauran nau'o'in masu sunaye masu ƙyalli sun fi tsada, ba a kuma nuna sun fi shi aiki ba. Tambarin Creapure yana nuna a Jamus aka yi shi, kuma an san shi da tsafta.

Sha giram 3 zuwa 5 kullum, har ranar da ba ka motsa jiki ba, a kowane lokaci, cikin ruwa ko cikin garin furotin ɗinka. Tsoka za ta cika da shi cikin mako uku zuwa huɗu. Mai gaggawa yana iya shan giram 20 a yini, a raba gida huɗu, na kwana 5 zuwa 7, sannan ya koma 5. Wannan hanya kan kawo murɗar ciki da gudawa, kuma ƙarshenta ɗaya ne da ta farko. Giram 500 zai kai ka kwana 100. A makonnin farko sikeli zai iya nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu. Ruwa ne da tsoka ta riƙe, ba kitse ba. Ka yawaita shan ruwa, musamman a bazara.

Hattara: kiriyatin na iya ɗaga adadin kiriyatinin a gwajin jini, wanda da shi ake duba ƙoda. In za a yi maka gwaji, gaya wa likita kana sha.

BCAA da Glutamine, amino asid da ake sayarwa daban, ba su da abin da za su ƙara wa wanda ya cika furotin ɗinsa, suna nan cikin Whey da ƙwai da nama. Masu suna "ƙara testosteron" da "ƙona kitse" su ma a bar su.

Garin da ake sha kafin motsa jiki, ƙarfinsa kafeyin ne. Ludayi ɗaya kan ɗauki miligiram 150 zuwa 300, wani ya fi haka, alhali iyakar da aka shata wa baligi mai lafiya 400 ne a yini, har da na kofi, shayi, goro da lemon ƙara kuzari. Kofin kofi minti 45 kafin a fara ya wadatar. In ka sha shi bayan la'asar zai ci maka barci, barcin awa 7 zuwa 9 kuma yana cikin abin da ke gina tsoka. Kada a watsa shi a baki a bushe, kada a haɗa shi da tiramadol ko wani maganin ƙarfi, kuma duk wanda aka rubuta DMAA a jikinsa a guje shi, an danganta shi da hawan jini da bugun zuciya.

Gargaɗi mai girma: magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ba sa gina tsoka. Ɗaya daga cikinsu, Dexamethasone, ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki, yana kuma zaizaye tsokar hannu da cinya, ya jawo suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, hakan na da hatsari, ya je asibiti a rage masa a hankali. Allurai da ƙwayoyin sitiroyid da waɗanda ake kira SARMs kuwa suna taɓa hanta da zuciya, suna ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, suna rage maniyyi, suna fito wa namiji da nono. Wani lokaci ma ba da saninka za ka sha ba: binciken da aka buga a 2004 a kan kayan ƙari 634 daga ƙasashe 13 ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da irin waɗannan sinadarai ba tare da an rubuta ba. Duk robar da ta yi alƙawarin kilo goma a wata, wannan ne abin da za ka fara zargi.

Mataki na 9: Haɗawa, sha da ajiya

Auna ludayin a sikelin kicin sau ɗaya, don ka san inda giram 30 yake tsayawa. Zuba ruwa mililita 250 zuwa 300 a gora tukuna, sannan gari, ka girgiza na daƙiƙa 20. In gari ya riga ruwa, zai manne a gindi. Mai neman ƙarin nauyi ya haɗa da madara. In a koko ko kunu za ka sa, dama garin da ɗan ruwan sanyi, ka bari kokon ya huce yadda za a iya kurɓa, sannan ka zuba. Zafi ba ya kashe furotin, gudaji kawai yake sa shi.

Kwana ukun farko sha rabin ludayi. Lokacin sha ba shi da tsanani kamar yadda ake faɗa, ba sai ka ruga cikin minti talatin da ajiye ƙarfe ba. Jimlar yini ce abin lura. Sa shi a cin da ya fi ƙarancin furotin, wanda ga yawancinmu karin kumallo ne.

A watan azumi raba adadinka uku: buɗa-baki, bayan asham, da sahur. Kiriyatin a buɗa-baki. Ɗaga ƙarfe bayan an sha ruwa ya fi aminci, a kuma rage nauyin aikin.

Ajiye roba a inuwa, nesa da murhu da taga, murfi a ɗaure. Kada ludayi mai laima ya koma ciki. Da damina gari kan ɗan dunƙule, in yana marmashewa da yatsa babu komai, amma in ya canza launi ko ya yi warin tsami a zubar. Abin da aka dama a sha cikin awa ɗaya ko biyu, zafinmu ba ya barinsa. Gora kuma a wanke ta nan take.

Mataki na 10: Duba sakamako bayan mako takwas

Gari ba ya aiki shi kaɗai. Kowace gaɓa ta samu aiki sau biyu a mako, jimlar zagaye goma ko fiye a makon, kana ƙara nauyi ko yawan ɗagawa a hankali, kana rubutawa. Abinci ya haura buƙatar jikinka da kalori 300 zuwa 500.

Auna nauyi sau ɗaya a mako a lokaci iri ɗaya, ka sa tef a damtse, ƙirji, cinya da ƙugu duk mako biyu. Mai kilo 70 ya nemi ƙarin giram 200 zuwa 350 a mako. Idan sikeli bai motsa ba, abinci ne bai kai ba, ƙara faranti, ba ludayi ba. Idan ƙugu kaɗai ke ƙaruwa, rage suga da soye-soye. Idan nauyi na hawa amma ƙarfen da kake ɗagawa yana nan yadda yake, tsarin motsa jikin ne ke buƙatar gyara.

Kumburin ciki da yawan iska galibi daga sukarin nono ne ko kayan zaƙi na roba, koma Isolate ko marar ɗanɗano. Taurin bayan gida yana nuna ganye da ruwa sun yi kaɗan, ƙara zogale, alayyahu da wake. Wasu kan fito da ƙuraje a fuska da baya idan sun fara Whey, su gwada na waken suya na wata guda.

Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi ko yana yawan kumfa, ƙafa ko fuska ta kumbura, zuciya na bugawa ba daidai ba, ko ciwon ƙirji: dakatar da komai a ranar, ka tafi asibiti da robobin duka a hannunka don likita ya karanta abin da ke jikinsu.